Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar mai ɗakina

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, mai ɗakina ta samu sauƙi, ta koma harkokinta, kuma na daɗe ina son in fito in yi godiya amma sai da na jira ta amince, tunda maganar tata ce. Ita da kanta ta ce in rubuta, ta ce wataƙila akwai wata baiwar Allah a wani ƙauyen da take cikin irin wannan halin yanzu haka, ita ba ta san me ke damunta ba, mijinta ma bai sani ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, waɗanda nake nufi sun san kansu.

Abin ya faro ne bayan haihuwarta ta ƙarshen nan. An haihu lafiya, an yi suna, an yanka rago, 'yan barka sun watse, ana ta wankan jego kamar yadda aka saba, amma ita sai ta ƙi dawowa yadda muka san ta. Kuka babu dalili, barci ya ƙaurace mata ko da yaron ya yi barci, za a kawo mata kunu ta ajiye shi a gefen tabarma har ya huce ya yi yanar nan a sama ba ta taɓa ba. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne yadda take kallon jaririn, in ya yi kuka sai ta ce a ɗauke shi ita ba ta iya ba, ita ba uwar kirki ba ce, mace da ta raini yayyensa ba wanda ya taɓa koya mata. Har aka yi arba'in abin sai gaba yake yi.

Kun san ƙaramin gari. Kowa da fassararsa. Wasu suka ce iska ce ta shafe ta a wurin wanka, wasu suka ce sammu ne, wata ma cewa ta yi shagwaɓa ce kawai da rashin godiyar Allah, an ba ta ɗa namiji lafiyayye me kuma take nema. Har akwai wanda ya ba ni shawarar gidan mari, wallahi sai da jikina ya yi sanyi, domin duk mun ga hotunan mutanen da aka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, ɗaruruwa, wasu da sarƙa a ƙafa. Na ce a'a, uwar 'ya'yana ba za ta je irin wannan wurin ba.

To amma ina za mu? Nan ne gizo ke saƙar. A garinmu ƙaramin asibiti ɗaya ne, na awo da rigakafi da zazzaɓi. Babban asibiti sai hedikwatar ƙaramar hukuma, can ma babu likitan ƙwaƙwalwa. Mai kemis ya ba mu ƙwayar barci, ta sha ta wuni a kwance ta tashi da kukanta yadda yake. Kuma ba mu kaɗai ba ne, ƙasar ce gaba ɗaya haka, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane ne. Mu a nan arewa in ana maganar irin wannan asibitin sai dai a ce Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Maiduguri, ko Kazaure. Ga kuɗin mota ga mai jego ga jariri a hannu. Sannan ga babban abin da ba a faɗa, wato tsoron bakin mutane. A garin da mai yankan kati a asibiti ɗan ƙanwar maƙwabcinka ne, mai babur ɗin da zai kai ka tasha abokin ƙaninka ne, in aka ji an kai matarka wajen likitan ƙwaƙwalwa kafin la'asar magana ta zaga, kuma ba za a ce ba ta da lafiya ba, cewa za a yi ta haukace, sunan ya bi ta ya bi 'ya'yanta mata har ranar da za a zo neman aurensu. Ita kanta abin da ya fi damunta kenan, ta gwammace ta ci gaba da wahala a ɗaki da a ji.

Shi ya sa godiyata ta farko bayan Allah tana wajen malamar asibitin nan mai yin awo. Ranar rigakafin yaro ce aka je, ita ce ta lura, ta ga mai jego ta zauna shiru hawaye na zuba, ba ta yi mata magana a gaban sauran mata ba, sai da layi ya ƙare ta ja ta ɗakin da suke ajiye magani ta rufe ƙofa. Ta yi mata tambayoyi a hankali, yaya barci, yaya cin abinci, kina jin daɗin abin da kika saba jin daɗinsa, tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki. Daga baya ta aiko a kira ni, ta ce min Malam, matarka ba lafiya gare ta ba kuma ciwon yana da suna, damuwar bayan haihuwa ce, yana da magani, ba laifinta ba ne ba kuma naka ba. Ashe an taɓa kai su horo na musamman kan lafiyar ƙwaƙwalwa, cikin shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi tun 2008 don a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su gane irin waɗannan cututtukan inda babu ƙwararru. Shekara da shekaru muna wucewa ta gaban asibitin nan ba mu san akwai mai wannan ilimin a ciki ba. Ita ta yi min bayanin cewa ɗan kukan nan da sauyin hali da mata da yawa suke yi a kwanakin farko na jego yakan wuce da kansa cikin mako biyu, amma in ya zarce haka ya hana mace barci da abinci da kula da kanta, to ya zama ciwo. Kuma ba ƙaramin yawa gare shi ba, alƙaluman hukumar lafiyar sun nuna a ƙasashe irin namu kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da irin wannan bayan haihuwa. Ka duba yawan matan da ke haihuwa a garinmu kaɗai. Sista, har yau ko mijinki ban ji alamar kin gaya masa ba, muna sallah sahu ɗaya da shi bai taɓa yi min wani kallo ba. Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira.

Sai limamin unguwarmu, Allah ya ƙara masa lafiya. Gaskiya na je wajensa da fargabar kada ya ce mu bar maganar asibiti. Ya zo ya yi mata addu'a ya yi ruƙiyya, sannan ya juyo ya ce min in kai ta inda malamar asibiti ta ce, ya karanto min hadisin da ke cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Wannan maganar tasa ce ta sa dangin da ke ja da ni suka sassauta, domin in liman ya ce a je asibiti wa zai ce a'a.

Mun je Kano da takardar da Sista ta rubuta mana. Likitar da ta gan ta ta zauna da ita sosai, ta sa aka auna jininta ma tukuna, domin wai ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo na iya kawo irin wannan kasalar, sannan ta rubuta magani wanda za ta iya sha tana shayarwa, ta ja mana kunne cewa ba ya aiki nan take, sai ya ɗauki makonni, kuma kada a yanke shi rana ɗaya don an ga sauƙi. A nan na fahimci ashe aikin kashi-kashi ne, akwai likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani, akwai kuma masanin halayyar ɗan'adam wanda shi aikinsa zama da mutum a yi magana. Likitar ta ce mai ɗakina tana buƙatar duka biyun. Na ce ranki ya daɗe mu ba za mu iya zuwa Kano duk mako ba, sai ta haɗa mu da wata masaniya da ta yarda a dinga yi ta waya.

Wannan baiwar Allah ban san yadda zan gode mata ba. Abu na farko, da Hausa take yi, Hausa ta gida, mai ɗakina ba ta jin Turanci sosai kuma abin da ke cikin zuciya ba ya fita da aron baki. Na biyu, mace ce, akwai maganganun da ba za ta taɓa iya yi da namiji ba ko da likita ne. Tun ranar farko ta gaya mata duk abin da suka faɗa tsakaninsu ne, ko ni ba za ta gaya wa ba sai in akwai hatsari ga rai, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai. Ba wai shawara take zuba mata ta yi haƙuri ta yi haƙuri ba, wanda duk mun riga mun gaya mata har ta gaji da ji. Aiki take ba ta ƙanana, yau ki fito tsakar gida ki sha hantsi, gobe ki yi wa yaron wanka da kanki, in tunanin nan ya zo cewa ke ba uwar kirki ba ce ki tsaya ki tambayi kanki mene ne shaidar hakan. Mai ɗakina ta sa na sayo mata ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a ciki take rubuta yadda ta kwana da yadda ta wuni, har da ajami a inda boko ya gagare ta.

Matsalar waya kuma ita ce wuri. Gidanmu gidan yawa ne, katanga ɗaya da matan yayyena, ko tari ka yi an ji, ga sabis ɗin ma sai ka fita waje. A nan ne wata aminiyarta, malamar firamare, ta yi mana abin da ba zan manta ba. Ta ce duk ranar da za a yi waya ta zo gidanta da sunan kitso, ta ba ta ɗakinta ta ja labule, ita kuma ta goya yaron ta fita tsakar gida tana jijjiga shi har a gama, in caji ya ƙare ta miƙa tata wayar. Kuma don kada a yi zargi sai ta yi mata kitson da gaske kafin ta dawo. Malama, Allah ya biya ki, ya raya miki naki.

Surukata ma dole in ambace ta duk da kunya ba ta bari mu yi doguwar magana. Ta baro gidanta da awakinta ta dawo ta tare da mu, ita ke kwana da jariri don 'yarta ta samu barci, wanda likita ta ce rabin maganin kenan. Da farko ita ma ta fi yarda da maganar iska, amma ko sau ɗaya ba ta hana a ba ta magani ba, ƙarshe ma ita ke tuna mata lokacin sha. Inna, Allah ya saka da Aljanna. Haka direban motar da ke ɗaukar mu tun da asuba, ya ga ƙofar da muke sauka bai taɓa tambaya ba bai kuma kai tasha ba. Da abokan adashenmu da suka bar min kwasa ba lokacina ba, suka ce kawai Allah ya ba iyali lafiya. Na gode, na gode.

Akwai abin da nake so hukuma ta ji. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, kuma dokar ta yi maganar haƙƙin marar lafiya da kusanto da kulawar nan ga jama'a. Mu a ƙananan garuruwa abin da muke roƙo bai da yawa, a ƙara horar da irin su Sista, a sa ko mutum ɗaya a kowane asibitin awo, a kuma sanar da mutane cewa akwai shi, domin da ba don ta lura da kanta ba da har yanzu muna yawo.

Ga 'yan uwana maza kuma, in matarka ta haihu ka ga an wuce mako biyu tana kuka, ba barci, ba ta son ɗaukar yaro, ka fara da malamar da ta yi mata awo, ka tambaye ta a keɓe ko akwai wanda aka horar kan wannan, in babu ta rubuta muku takarda zuwa babban asibiti, in kun je ku tambaya ko za a iya ci gaba ta waya. In kuwa ta fara maganar cutar da kanta ko jaririn, ko tana ganin abin da babu ko jin muryoyi, wannan ba na jira ba ne, a kai ta asibiti a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai.

Roƙona na ƙarshe ga mutanen garinmu da za su karanta wannan su gane ko su waye. Don Allah in kun haɗu da ita a gidan biki ko a rijiya ku gaishe ta yadda kuka saba, ba sai kun tsare ta da tambaya ba. Wadda take da irin wannan damuwar kuma take son magana, mai ɗakina ta ce ƙofarta a buɗe take, mace ta zo wajenta kai tsaye, namiji ya same ni. Allah ya ba duk marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti, ya saka wa duk wanda ya taimaka mana da mafificin alheri. Amin.