Buhu Uku da Na Sayar a Shagon Baffa

Har yau in na wuce wajen mai ƙosai na ga ta yagi takarda za ta naɗe wa wani, sai gabana ya faɗi, in tsaya in leƙa abin da ke rubuce a jiki.

Shagon tsofaffin littattafai na gada daga Baffa, ƙanen mahaifina, a Tudun Wadar Zariya. Da tabarma ya fara, yana sayen littattafai a hannun malaman da aka yi wa canjin wurin aiki da ɗaliban jami'a da suka gama karatu. Na taso na tarar da bencin ƙofar shagon ya zama majalisa: dattawa bayan La'asar, 'yan sakandare gab da jarrabawa suna neman ragi, ga yara da matan aure ke aikowa karɓar hayar littattafan soyayya, a dawo da su bayan kwana biyu bango duk ya sha manja. Wanda ba shi da kuɗi Baffa kan ce ya zauna ya karanta a nan.

Da ya rasu, kasuwa ta riga ta ja baya, karatun ya koma waya. Sai na ga gara in share ɗakin baya in sa POS da cajin waya. A can ƙuryar akwai buhu uku, an ɗora su a kan katako. Na kwance bakin ɗaya, na ga takardu sun yi ja, gara ta ci gefen wasu, ƙura ta sa ni atishawa. Na mayar na ɗaure. Ban ko taɓa sauran biyun ba. Washegari na sayar wa wani mai sayen takarda a kilo, kuɗin ko cefanen mako bai kai ba.

Bayan wata guda wani tsohon malamin Hausa, abokin Baffa, ya zo ta'aziyyar da bai samu yi ba. Da muka shafa fatiha ya ce, "Ɗana, ina buhunan Malam?" Da na faɗa masa, bai yi faɗa ba. Ya cire hula ya riƙe a hannu ya daɗe bai ce komai ba. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Shi ya faɗa mini abin da na sayar. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara a 1939. Ƙananan littattafan yaƙi da jahilci da hukumar wallafa littattafai ta Jihar Arewa, wato NORLA, ta buga a shekarun 1950, kafin a rufe ta a 1959, wasu da boko wasu da ajami. Da jaridun larduna na lokacin, irin su Bazazzaga ta Zazzau da Himma ta Katsina. A nan Zariya aka buga su, a kamfanin Gaskiya da nake wucewa kullum. A takarda mai arha aka yi su, don a karanta a yar, shi ya sa ba su yi saura ba. Baffa ya shekara sama da talatin yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya daga akwatunan mamata, ni kuma na ɗora su a kan sikeli.

Kwana huɗu ina bin sawu. Mai kilon ya rarraba wa masu ƙosai da masu tsire da masu gyaɗa. Wata baiwar Allah a bakin tasha ta ɗauko mini ragowar da ke ƙarƙashin tirenta, ta ƙi karɓar ko sisi. Shafi goma sha ɗaya na samu. Ɗaya fuskar Bazazzaga ce, mai ya ratsa ta har ana hango yatsana ta baya.

Duk wanda ya gaji shago irin wannan, don Allah kada ya auna takarda sai ya buɗe kowace da hannunsa. Cin gara a gefe ba ya kashe daraja. Ni abin da ya ruɗe ni ke nan. Kuma ya kira tsofaffin majalisar ya tambaye su, sun fi shi sanin abin da ke ƙurya. Katakon nan ma ya isa ya faɗakar da ni, don Baffa ba ya ɗaga shara daga ƙasa. In mutum ba zai iya riƙewa ba, ga wuraren adana tarihi kamar Gidan Arewa a Kaduna.

Na fasa sa POS ɗin. Ɗakin baya yanzu kanta ce da gilashi, shafuka sha ɗayan nan suna ciki a leda. Tsohon malamin nan kan zo ranar Asabar ya zauna a benci, in an kawo akwatin littattafai na siyarwa ba na kwance shi sai yana wurin.