Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Yarinya Mai Kwalba

Makon jiya na tsaya a inda na ajiye aikin karanta talla a gidan rediyo, na koma zaman shagon Kawu a babbar kasuwar Maradi. Ban cika wata uku ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Kafin mako ya zagayo CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba mana takunkumi, aka garƙame iyaka, Najeriya ta yanke kuran, wato wutar lantarki. Abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi. Yawancin kayan shagonmu, man girki na jarka da sabulu da omo, daga Kano suke tasowa, su bi Katsina da Jibiya, su shigo mana ta Ɗan Isa.

Kawu bai razana ba. Ya ga karyewar sefa a Janairun 1994, ya ga rufe iyakar da Buhari ya yi a 2019 wadda ta kai har Disambar 2020. Amma jarkoki suka ƙare, ɗan abin da masu babura ke shigowa da shi ta daji kuma ya fi ƙarfin talaka. Sai ya yanke shawarar komawa man gyaɗa na gida, wanda matan wajen Tibiri ke matsewa da hannu. Ya ce ai da gyaɗa aka gina arzikin garin nan tun zamanin Faransawa, ba baƙon abu ba ne. Ya dube ni ya ce, "Kai da ka ci shekara takwas kana surutu a rediyo, ga ranarka."

Na zauna na tsara talla irin wadda na saba. Kalangu a farko, sai kirari: Alhaji uban tafiya, rumbu maganin yunwa, mai man da ya gagari na Turawa. Muka biya aka yi ta sakawa safe da yamma. Abokan Kawu suka riƙa tare shi a ƙofar masallaci suna cewa sun ji an wasa shi. Mako biyu, duro huɗu na nan cike kamar yadda aka sauke su.

Wata Laraba da hantsi wata yarinya ta shigo, ba za ta wuce shekara bakwai ba. Tana riƙe da kwalbar roba da aka toshe bakinta da leda, kuɗin kuma an ɗaure mata a bakin zane. Ta tsaya ta karanto saƙon kamar hadda: "Innata ta ce in na jarka ne a zuba na dala arba'in, in ba shi ba ne in mayar mata da kuɗinta." Na durƙusa na ce me ya sa Inna ba ta son na gyaɗa. Ta ce, "Ta ce kumfa yake yi, kuma ƴan kasuwa suna surka shi." Ta juya ta fice, ko kwance ɗaurin ba ta yi ba.

Daga ranar na ɗauki bayan kwali ina ja wa kowane mai sayen awo layi. Da na kwana uku ina yi, sai na ga galibinsu yara ne ƴan aike. Mai yanke hukunci tana cikin gida gaban murhu, ba ta taɓa ganin fuskar Kawu ba, balle kirarinsa ya dame ta. Kunya ta kama ni sosai. Ashe duk zamana a rediyo, in na buɗe baki alhazan da ke kan benci nake hangowa, domin su ke biyan kuɗin talla.

Da dare na samu Hajiya, matar Kawu, na ce ina so ta yi magana in naɗa a waya. Ta ce, "Ni? Muryata a kasuwa? Allah ya kiyaye, ɗan nan." Sai da Kawu ya sa baki, da sharaɗin ba za a kai rediyo ba, matan adashensu da na islamiyya kaɗai za a tura wa ta WhatsApp.

Na rubuta mata abin da za ta faɗa, ta ture takardar. Ta fara da sallama, ta gaida kowa da zafi da rashin kuran. Sai ta shiga labarin mahaifiyarta a Tibiri: yadda ake soya gyaɗa a sheƙe ta, a niƙa, a zuba a turmi ana yayyafa ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har mai ya tsattsafo, tunkuza kuma ta tafi ƙuli-ƙuli. Ta ce, "Wadda ta ce yana kumfa ba ta yi ƙarya ba. Ki ɗora shi ya yi zafi, ki jefa albasa ta soyu, sannan ki zo mu yi magana. Wadda ke tsoron surki ta aiko yaro da murfin kwalba a ɗiga mata, ta shinshina." Ba ta ambaci sunan Kawu ba ko sau ɗaya. Minti huɗu ta yi, har da tarinta da carar zakara a ciki. Na so in yanke, ta ce in na taɓa ba ta yafe ba.

Kwana biyu shiru. A na uku yara suka fara zuwa da murafe a hannu, wani har da ludayi. Daga baya saƙon aiken ya koma "a ba ni na Hajiya". Yarinyar nan ma ta dawo da kwalbarta, na dala ashirin kawai aka ce a zuba, a gani tukuna.

Da aka buɗe iyaka a Maris ɗin 2024 jarkoki suka dawo, wasu matan suka koma musu, wasu suka zauna a kan na gyaɗa, har yau Kawu iri biyu yake ajiyewa. Cikin waɗannan kwanakin ne wani mai atamfa da ke layin bayanmu ya leƙo shagon, ya gaida Kawu, ya nuna ni da haɓa ya ce, "Alhaji, wannan ne mai haɗa labarin? Ara mini shi kwana biyu." Yadda muka kwashe da shi, da yadda saura kaɗan in ja masa asara, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.