Abin da Na Tsinta a Taron Malaman Ƙididdiga

A makon jiya na halarci taron malaman ƙididdiga ta Zoom daga ɗakina a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Muhawarar da ta fi jan hankalina ita ce ta yadda muke ɗora wa ɗalibai haddar ƙa'idoji, alhali ba su taɓa tattara bayanai da hannunsu ba, kuma a ganina masu wannan suka suna da gaskiya. Tun 2006 rabon Najeriya da ƙidayar jama'a, saboda haka wajibi ne yaranmu su iya hasashe daga tsofaffin alƙaluma. A zango mai zuwa zan riƙa tura ɗalibaina Babbar Kasuwa su rubuto farashin tiyar gero kowane mako, mu fitar da matsakaicinsa a aji.