Abin da karatun CGEIT ya koya mini game da rarrabe manufofi

Jarrabawar CGEIT, takardar shaidar ƙwarewa a shugabancin harkar kwamfuta a kamfani wadda ISACA, ƙungiyar ƙwararrun wannan fanni, ta fito da ita a 2007, tambayoyi 150 ce cikin awa huɗu, kuma ana buƙatar maki 450 a ma'aunin da ya tashi daga 200 zuwa 800. Ba ta tambayar yadda ake haɗa na'urori ko rubuta manhaja. Kujerar daraktocin kamfani take ɗora mutum a kai, ta ce masa: ga kuɗin da ake zubawa a harkar kwamfuta, ta yaya za ka tabbatar yana haifar da abin da kamfanin ke nema? A duk shirin da na yi, babu inda na fi daɗewa kamar wurin rarrabe manufofi, kuma shi ne ya fi yi mini amfani a ofis.

Tsarin COBIT, wato jagorar da ISACA ta rubuta kan shugabancin harkar kwamfuta a kamfani, ya jera manufofin ne hawa-hawa. A sama akwai buƙatun masu ruwa da tsaki: masu hannun jari, abokan ciniki, ma'aikata, da hukumomin da ke sa ido. Daga nan ake fitar da manufofin kamfani, daga su a fitar da manufofin da suka daidaita aikin fasaha da na kamfani, sannan a ƙasa a iso ga ayyukan shugabanci da gudanarwa. A COBIT 5 na 2012 manufofin kamfani 17 ne, na fasaha ma 17, da tsare-tsaren aiki 37. COBIT 2019 ya rage su zuwa 13 da 13, ya mai da na ƙasan 40. Mai karatu ya lura da wanne littafi ke hannunsa, don tsofaffin takardun bita suna nan da yawa.

Lissafin bai zauna mini ba sai da na ɗora shi a kan misali guda na bi shi har ƙasa. A ɗauki ƙaramin banki mai hulɗa da 'yan kasuwa. Buƙatar ɗan kasuwa ita ce ya tura kuɗi ranar kasuwa ba a ce masa babu netwok ba. Manufar bankin ta zama ci gaba da hidima ba tare da yankewa ba. Manufar sashen fasaha kuwa ita ce ya ba da aikin da ya dace da wannan buƙata, ya kuma rage haɗarin da ke tattare da na'urorinsa. Sai a hawa na ƙarshe ake maganar ajiye kwafin bayanai a wani wuri, da gwada tsarin farfaɗowa bayan matsala, abin da COBIT ya sanya a ƙarƙashin sashensa mai lamba DSS04. Sayen sabuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai, ba manufa ba ce ko kaɗan. Hanya ce, kuma tana iya zama ba ita ce hanyar da ta dace ba. Sau da yawa a wurin aiki na ga an rubuta "kafa sabuwar manhaja" a gurbin manufar shekara, a kafa ta, a yi murna, alhali layin masu jira a bakin kanta bai ragu ba.

Manufofin kamfanin an kasa su ne bisa ma'aunin da Robert Kaplan da David Norton suka gabatar a 1992, mai fuska huɗu: kuɗi, abokan ciniki, ayyukan cikin gida, da koyo da bunƙasa. Amfaninsa shi ne hana shugabanni kallon riba kaɗai.

Rarrabewa ta biyu da tambayoyin gwaji ke yawan dawowa kanta ita ce tsakanin ma'aunin sakamako da ma'aunin ƙoƙari. Yawan awannin da hidima ta tsaya a wata uku da suka wuce sakamako ne. Yana ba da labarin abin da ya riga ya faru. Yawan na'urorin da aka sabunta a kan lokaci, ko sau nawa aka gwada tsarin farfaɗowa, su ke nuna inda aka dosa tun kafin matsala ta zo. Manomi ba ya jiran kaka kafin ya san halin gonarsa, yana duba shuka da ciyawa tun da damina. Daraktoci sun fi buƙatar ma'aunin sakamako, manajan sashe ya fi buƙatar na ƙoƙari, kuma tambaya kan ɓoye amsarta ne a cikin wanda aka ce zai karanta rahoton.

Nan ne bambancin shugabanci da gudanarwa ke shigowa. Aikin daraktoci uku ne: su auna, su ba da alkibla, su sa ido. Tsarawa da ginawa da tafiyar da aikin yau da kullum na manajoji ne. Idan tambaya ta ce me ya kamata a fara yi, kuma zaɓi huɗun duk suna da kyau, nakan nemi wanda ya fi kusa da manufar kamfani, ba wanda ya fi nuna gwanintar fasaha ba.

A ganina haddace jadawalin da COBIT ya haɗa manufa da manufa ɓata lokaci ne. Jadawalin jagora ne kawai, domin asibiti da banki da jami'a ba za su fifita abu ɗaya ba. Na fi amfana da ɗaukar takardun neman kuɗin aiki na sashenmu ina gwada haura da kowace zuwa sama. Wadda ta kai ga wata manufar kamfani nakan rubuta ma'auninta a gefe, wadda ta maƙale a hanya kuwa sai in mayar wa mai ita ya faɗi wace buƙata take biya kafin ta je gaban kwamiti.