Ɗakin da na ƙi shiga

Ranar karɓar maganin sida da ta wuce, a likita nan Tawa, na ga wata yarinya da goyo. Ta karɓi kwalbarta, ta juye ƙwayoyin a leda, ta yar da kwalbar tun kafin ta kai ƙofa. Mai ba da shawara ta biyo ta tana cewa, "Ƙanwata, shigo mu ɗan zauna." Ko waiwaye ba ta yi ba, ta ce ta bar tukunya a wuta. Gabana ya faɗi, domin amsar da na yi shekaru ina bayarwa ke nan.

Ni wajen awon ciki aka gano ina da ƙwayar sida. Maigidana ɗan bida ne, Abijan yake zuwa kamar mazan Adar da yawa, kuma bai ga haihuwar ba, Allah ya jiƙansa. An ɗora ni kan magani kyauta, yaron ya fito lafiya lau. Aka ce mini akwai wadda ke sauraren mutum a keɓe, akwai kuma zaman mata masu irin lalurata. Na ce na gode, ni magani ya kawo ni.

Kada a ce girman kai ne kawai. Tawa ba Yamai ba ce, a nan ko mayafinki aka hango an san ɗiyar wane ce, kuma kowa ya san me ake yi bayan waccan ƙofar. A gidan surukai na yi takaba, duk fita sai na kawo dalili, kuɗin kabu-kabu ma sai na roƙa. Na ga matar da zancenta ya fita aka ware mata kwano da moɗa, daga baya aka miƙa mata takardarta. Wa zai ga haka ya saki baki? Ga shi mun tashi da cewa mai zuwa a yi masa maganin damuwa, to ya taɓu ne. Na riƙa ce wa kaina ai na yi tawakkali, Allah ya san halin da nake ciki, mutum me zai ƙara mini? Har gobe ban ce tsorona na banza ba ne.

Sai dai shirun ya ci ni. Barci ya ƙaurace, yaro ya yi ƙaramin laifi in rufe shi da duka, in koma ɗaki in yi kuka. A lokacin safe da dare ake shan maganin, in akwai baƙi a ɗaki sai in tsallake. Da aka je biki ƙauye na bar shi gida gaba ɗaya don kada a buɗe mini jaka. Na kai kuɗina wurin mai sassaƙe da ya rantse zai wanke mini jini. Ƙwayar nan kuwa, in ana sha ana bari, sabawa take da maganin har ya daina kama ta. Da aka auna jinina ta yi yawa, dole aka canza mini wani. Lokotoro ya yi aikinsa, abin da ke hana ni sha ne ban taɓa gaya wa kowa ba.

Wadda ta shigar da ni ɗakin ba ma'aikaciya ba ce. Wata mai tuwo-tuwo ce da na sani a kasuwa, jiki ɓul-ɓul, da mijinta da ƴaƴanta. Muka haɗa ido a layi, na so ƙasa ta tsage. Ta kama hannuna ta ce, "Yaya, taho, ba sai kin yi magana ba." A wannan zaman na fara jin cewa in mace ta riƙe magani har awo ya daina ganin ƙwayar a jininta, ba ta sa wa mijinta ta hanyar kwanciya. Shekarun da na yi ina korar manema, da na san wannan! A nan na ji yadda wata ta gaya wa ɗanta, da yadda wata ta gaya wa mai neman aurenta ya gudu, na biyun ya zauna.

Ku ƴan yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, ga ƙungiyoyi irin su RENIP+ na masu ɗauke da cutar, amma kun fi yarda da mai tallan magani a TikTok. Sirrin gidanku kaf yana WhatsApp, wadda aikinta riƙe sirri ne kuma kuna gudunta. Abin yana ƙona mini rai.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, ga abin da ya rage. Ɗiyata, ki shiga. Ki zauna ko da bakinki a rufe, ki ji na wasu. Ki samu mutum ɗaya a gida da ya sani, wanda zai tuna miki magani ranar da zuciya ta ƙi. Amma kada ki yi gaggawa, ko uwar da ta haife ki ce, in bakinta ba ya riƙe magana, ki bar ta. Ni tawa har ta rasu ban gaya mata ba, wani dare in ce na kyauta, wani dare in ce na cuce ta. In mijinki mai duka ne, kada ki tare shi da zancen ke kaɗai a ɗaki, ki nemi mai ba da shawara ta shirya yadda za a yi. In kuma kuɗin mota ko izinin fita ne ya tsare ki, ki faɗa mata ƙarara, a haɗa miki zaman da ranar karɓar magani.