Dutsen Tell Halaf da wuta ta cinye a Berlin

Wallahi duk sanda na ji ana cewa wai a bar kayan tarihi a Turai don can suka fi samun tsaro, labarin Tell Halaf ne ke faɗo min a rai. Wani tsohon kufai ne a arewa maso gabashin Siriya dab da iyakar Turkiyya, wani Bajamushe Max von Oppenheim ya yi tono a wurin daga 1911 zuwa 1913, ya sake komawa a 1929, ya kwashi gumaka da duwatsu ya kai Berlin ya buɗe musu gidan tarihi nashi na kanshi a 1930. A cikin kayan akwai wani ɗan farin dutse mai rubutun Aramiyanci, wani tsohon harshen yankin, yana cikin mafi tsufa da aka sani.

To a watan Nuwamba 1943 jiragen yaƙi suka yi wa Berlin ruwan bama-bamai, ginin ya kama da wuta, fararen duwatsun suka ƙone ƙurmus, baƙaƙen kuma sun ɗau zafi sai aka watsa musu ruwan kashe gobara suka tarwatse. Sai a 2001 masana suka zauna haɗa gutsattsari wajen 27,000, aiki na shekaru, har aka baje kolin gumakan a 2011. Amma dutsen rubutun nan shi kam ya tafi kenan, hoto da kwafin da aka yi kafin gobarar kawai suka rage.

Kuma fa kar wani ya ce ina ruwanmu. Aramiyanci shi ne harshen da Annabi Isa (AS) ya yi magana da shi, kuma daga haruffansa rubutun Nabaɗawa, wasu tsofaffin Larabawa, ya fito, daga nan na Larabci, wanda da shi kakanninmu suka yi ajami. Shi ya sa abin da 'yan ISIS suka yi a Tadmur ta Siriya a 2015 ya yi min ciwo sosai, garin da ke cike da rubutun Aramiyanci a jikin duwatsu, suka tarwatsa haikalin Bel da hasumiyoyin kaburbura, suka kashe dattijo Khaled al-Asaad da ya ƙarar da rayuwarsa wajen kula da wurin.

Nan Kaduna muna da tsofaffin takardu a Arewa House, ga wasu jibge a akwatunan gidajen malamai, gara da ɗigar ruwa na cinsu ba ma sai an yi yaƙi ba. Dan Allah duk mai irinsu a gida ya samu waya mai kyamara ya ɗauke su shafi-shafi, ya tura wa 'yan uwa biyu ko uku a wani garin su ma su ajiye.