Alhamdu lillahi, ƙanina ya kwana a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi. Kamar yadda yawancinku kuka ji, babbar kotu ta wanke ƙanina ta sallame shi, kuma daren jiya a ɗakin Umma ya kwana. Wayata ba ta huta ba tun da labarin ya fita, wasu na ɗauka, wasu na kasa. Ku yi min afuwa. Wallahi jikina ne ya saki, duk gajiyar da na danne tun ranar da aka tafi da shi sai yanzu ta sauko min. Shi ya sa na ce bari in rubuta a nan, kowa ya karɓi tasa godiyar.

Ba sai na maimaita labarin ba, wasunku ma sun fi ni riƙe ranakun zaman kotu. Kun san yadda wayar hannu ɗaya da ya saya a shagonsa ta rikiɗe ta zama tuhumar haɗa baki da kisan kai, sashe na 97 da na 221 na dokar Penal Code, kuma na biyun hukuncinsa kisa ne. Kun san kotun majistare ba ta da hurumin yin irin wannan shari'a, nata dai ta tura mutum gidan gyaran hali ya jira shawarar lauyoyin gwamnati. Kun ga abin da jiran nan ya mayar da Umma.

Wanda zan fara da shi Barista ne. Ya hana ni rubuta sunansa, to na bi umarni, amma waɗanda suka zo kotu sun san shi. Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon magatakardan kotu, shi ya ce mu nemi lauyan da ya taɓa zama a ɗaya ɓangaren, wanda ya yi shekaru yana gabatar da ƙara a madadin gwamnati kafin ya ajiye ya buɗe ofishinsa. Ranar da na kawo maganar gida, gidan rabuwa ya yi biyu. Umma ta ce, "Mutumin da ya saba roƙon alƙali ya rataye 'ya'yan mutane, shi zan damƙa wa ɗana?" Wasu kuma suka yi na'am, amma dalilinsu shi ne ai yana da hanya, ya san na ciki, za a gyara magana a bayan fage.

A zaman farko Barista ya rushe duka biyun. Kafin ma a yi zancen kuɗi, lambar ƙarar ya tambaya da shekarar da aka buɗe fayil ɗin. Ya ce sai ya tabbatar maganar ba ta taɓa bi ta teburinsa ba lokacin da yake ma'aikata, domin ƙa'idar aikinsu ta hana lauya karɓar shari'ar da ya taɓa ba da shawara a kanta yana aikin gwamnati. Sannan ya dubi Kawu ya ce, in sanayya muka zo saye, ba shi da ita ta sayarwa. Abin da yake da shi, ya san yadda ake haɗa fayil, ya san inda mai gabatar da ƙara yake jin tsoro.

Kuma haka muka gani. Ya duba takardun nan yadda tsohon tela yake juya rigar da wani ya ɗinka, kai tsaye sai inda zare bai kama ba. Bayanin da aka ce ƙanina ya yi da bakinsa, da Turanci aka rubuta shi, alhali yaron nan da Hausa ya yi magana, Turancinsa bai wuce na sunayen kayan waya ba. Barista ya ce ƙa'ida ita ce a kawo na Hausar tare da fassarar, kuma wanda ya yi tafinta ya zo kotu ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta. Mu da muke ta kuka a kan takardar nan, ba mu taɓa tunanin tambayar wa ya fassara ta ba. Ya kuma hana mu bin shaidu gida, ya hana mu tura kowa wurin iyalan mamacin da sunan sulhu, ya ce ko da kyakkyawar niyya ce, a takarda wani abu daban za ta zama.

Ba mutum ba ne mai lallashi, wannan kam. Ya gaya mana ƙiri-ƙiri cewa sayen waya ba kwali ba rasit rauni ne, kuma ko an kuɓuta daga kisan kai ana iya komawa kan karɓar kayan sata, sashe na 317. Na fita ofishinsa ina jin haushinsa. Kuɗinsa ma ba na wasa ba ne, sai da filin gadonmu ya tafi.

Amma abin da ba zai bar zuciyata ba shi ne ranar da ɗan sandan da ya yi bincike zai ba da shaida. Muna barandar kotu, motar fursunoni ta shigo, an sauko da su da ankwa biyu-biyu. Umma tana neman fuskar ɗanta, sai idonta ya faɗa kan Barista can gefe, hannunsa cikin hannun lauyan gwamnati, suna ta dariya har da dafa kafaɗa. Ta damƙe min tsintsiyar hannu ta ce, "Shi ke nan, sun sayar min da shi." Ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta sulale ta zauna a ƙasa. Ni kaina a lokacin cikina ya ɗuri ruwa, na kasa ce mata komai.

Barista ya hango mu. Ya katse hirarsa ya taho da baƙar rigarsa da hular gashin nan a ka, ya durƙusa a gabanta cikin ƙura, mutane suna kallo. Ya ce, "Hajiya, tare muka yi makarantar lauyoyi a Bagauda, ofis ɗaya muka zauna. A nan waje ɗan uwana ne. In mun shiga ciki, shi zai yi aikinsa, ni zan yi nawa, kuma ya san ba na ragawa. Ki tashi ki shigo, ki zauna inda za ki riƙa ganina." Shi ya nemo mata wuri da kansa. Umma ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma ta ga yadda ya tsare mai shaida da tambaya a kan tafintan nan, a hankali, ba ɗaga murya, har mutumin ya rasa inda zai sa idonsa. Da muka fito ta ce, "Ku kai ni in gaishe da ɗan nan." Tun ranar ɗana take ce masa.

Sauran kun sani. Da masu ƙara suka rufe shaidarsu, Barista ya roƙi kotu ta sallami ƙanina ba tare da ya shiga akwatin shaida ba, domin ba a kafa abin da zai kare kansa a kai ba. Ya tunatar da sashe na 36 na tsarin mulkin 1999, cewa wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Mai shari'a ya amince. Barista, Allah ya saka maka da mafificin alheri, ya jiƙan mahaifanka, ya sa 'ya'yanka su ji ƙanka, ya tsaya maka ranar da babu lauya babu tafinta. Lauyan gwamnatin ma ina masa addu'ar alheri, ya yi aikinsa bai ƙara gishiri a kan abin da ke fayil ba.

Malam Liman na masallacinmu, na san ba ka son a faɗa, amma alƙunutin da ka riƙe mana Allah ya gani. Mai unguwa, na gode da tsayawa shaidar halin yaron nan a lokacin da wasu suke kauce wa layinmu. 'Yan kasuwar waya da suka yi karo-karo suka riƙe hayar shagonsa, Allah ya buɗa muku ta inda ba ku zata ba. Goggo mai ƙosai ta bakin layi, wadda ba ta taɓa bari na tafi ziyara hannu rabbana ba, kuma ba ta taɓa karɓar sisina ba, Allah ya kai ki Makka da ƙafarki. Matar ƙanina kuwa, yarinyar nan da aka yi ta zuga ta tafi gida ta ƙi, ba ni da bakin gode mata. Allah ya sa Aljanna ce sakamakonta.

Akwai waɗanda jini ɗaya muke da su, gari ɗaya muke kwana, amma ko sau ɗaya ba mu ga ƙeyarsu a kotu ba, wasu har waya suka daina ɗauka. Jiya na ga wasunsu a sahun gaba wurin barka. To, madalla, mun gode da zuwan. Umma ta ce in yi shiru, na yi.

Ku sa iyalan mamacin a addu'a, su ma rashi aka yi musu, kuma har yanzu ba su ga wanda ya kashe musu ɗa ba. Allah ya jiƙansa, ya bayyana gaskiya. Ku tuna da waɗanda ƙanina ya baro a ciki. Ya ce akwai masu jiran shari'a da ba su da mai kai musu ko sabulu, balle filin da za a sayar a ɗauki lauya. Wanda yake da irin wannan ɗan uwa ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya, kyauta suke tsaya wa marasa hali. Allah ya fitar da duk wanda aka tsare bisa kuskure, ya shirya masu laifin, ya raba mu da tsautsayi da sharrin da ba mu ji ba ba mu gani ba.

Masu son zuwa yi masa barka, don Allah ku bari sai bayan Juma'a. Likita ya ce ya huta, akwai ƙaiƙayi da tari da ya fito da su. Ranar Asabar bayan la'asar za a yi saukar Alƙur'ani a ƙofar gida, in sha Allahu, kowa muna gayyatarsa.